Ga Masu Cewa Na Rame Da Masu Cewa Ban Rage Ba

Yau da mutane iri biyu nake, kuma dukkansu a garin nan na Minna suke, wasunsu ma kwano ɗaya muke ci. Na farko su ne waɗanda da zarar sun ga mutum ya fara motsa jiki, kumatunsa sun ɗan zabge, sai su shiga yi masa jaje kamar wanda aka yi wa gobara. Na biyu kuwa su ne waɗanda za su ja ka gaban sikeli, su leƙa lamba, su kwashe da dariya su ce wata 3 kana wahalar gudu amma kilo 2 kacal ka rage, ashe aikin baban giwa kake yi. In ka saurare su sai ka ɗauka adawa suke da juna, alhali jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Duka biyun buhu suke kallo, babu wanda ya damu ya san abin da ke cikin buhun.

Ni ɗan mai sayar da hatsi ne, asalinmu Maraɗi, kuma a gaban mudu da sikeli na tashi. Ban taɓa ganin Baba ya sayi buhun wake ko na gyaɗa don kawai sikeli ya nuna nauyi ya cika ba. Sai ya soka ƙarfe ya zaro, ya zuba a tafin hannu, ya murza, ya sa haƙori ya ciza. Dalili kuwa kowane ɗan kasuwa ya san shi: mai algus yana iya yayyafa wa kaya ruwa, yana iya zuba yashi da tsakuwa a tsakiya, sikeli kuma ba ruwansa, ruwa da yashi da wake duk nauyi ne a wurinsa. To abin da ke ɗaure mini kai shi ne, mutumin da ba za ka taɓa cutarsa a kan buhun naira dubu kaɗan ba, shi ne zai hau sikelin da yara ke yawo da shi a Kasuwar Kure, ya biya 'yan canji, ya sauko ya yanke wa jikinsa hukunci da lamba ɗaya tal.

Bari in faɗi yadda abin ya same ni don mai karatu ya san ba labarin kanzon kurege nake ba. Ina sakandare ina buga ƙwallo, nauyina bai wuce kilo 68 ba. Da na gama sai Baba ya zaunar da ni a shago, kuma duk wanda ya san zaman shago ya san yadda yake: daga safe zuwa magariba kana kan benci, da rana a kawo sakwara, doya kuwa a ƙasar Gwari ba a magana, ka kora da lemon kwalba, da dare ka biya wurin mai shayi a soya maka Indomie da ƙwai, ko masallacin da ke bayan layi ma sai ka hau mashin. Cikin shekara 4 na kai kilo 86. Muna da unguwa guda a garin nan da ake kira Maitumbi, amma wallahi in ka zaga layin masu shaguna sai ka ce kasuwar ce ta fi cancantar sunan.

A wannan lokacin babu wanda ya ce mini uffan sai sambarka. Duk Sallar da muka ƙetare Jibiya muka je gida, dangi sai su kewaye ni suna cewa lallai Najeriya ta karɓe ka. Wata innata har shafa mini ciki take yi tana cewa, "Ɗan nan, haka ake so, ka fara kama da masu shi." Mu da muke zaune a ƙasar da ba tamu ba mun san wannan al'amari fiye da kowa: tumbi shi ne rasit ɗin da ake nuna wa 'yan gida cewa tafiya ta yi kyau. Wanda ya koma da shi an yarda ya samu ko da bashi ya yi masa katutu. Wanda ya koma a tsaye kamar sanda kuwa sai an bi shi da tambaya a asirce.

Da na koma motsa jiki, ina sassarfa da asuba, ranar Asabar in je wajen filin wasa na Bako Kontagora, da yamma in ɗaga ƙarfe, sai labari ya sha bamban. Bayan wata 3 sikeli ya ce 84. Amma telana da ya zo yi mini awon wando ya tarar ƙugu ya sauko daga inci 38 zuwa 36, kafaɗar riga kuma ta matse, sai da ya ƙara. Buhun da a da sai na kira ɗan dako ya gyara mini, yanzu ni nake juya abina. To a nan ne mutanen nan biyu suka taso ni gaba, wani yana cewa na lalace, wani yana cewa ban yi komai ba, kuma jiki ɗaya suke kallo.

Bari in fara da masu sikeli, don su ne masu ganin su 'yan boko ne. Jikin mutum ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙashi, akwai tsoka, akwai kitse, akwai kayan ciki, sannan fiye da rabin nauyin babban mutum ruwa ne. Ledar fiya wata guda rabin lita ce, wato rabin kilo. Ka sha 2 ka hau sikeli, ka ƙara kilo 1 nan take. Ƙiba ka yi? Ka shiga rana a watan Maris na Minna ka yi gumi na awa guda ka dawo, ka rage kilo 1. Ramewa ka yi? Tsakanin safe da dare nauyin mutum kan yi wasa da kilo 1 zuwa 2 saboda ci da sha da gishiri da shiga ban ɗaki. Sannan akwai wani sukari da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka don ko-ta-kwana, wajen rabin kilo, kuma kowane giram ɗaya nasa yana riƙe da kimanin giram 3 na ruwa. Shi ya sa wanda ya daina cin tuwo da shinkafa zai ga kilo 2 sun tafi a makon farko, ya yi ta murna, alhali ma'ajiyar nan ce ta zube da ruwanta, kitsen yana nan daram. Ranar da ya ci tuwo sau biyu sai kilo 2 ɗin su dawo, ya ce asiri aka yi masa. Haka kuma wanda ya fara ɗaga ƙarfe, tsokarsa kan riƙe ruwa a makonnin farko, sai sikeli ya tsaya cak ko ma ya hau, alhali a ciki kitse yana ta raguwa.

Kitse da tsoka kuma ba su cin wuri ɗaya. Litar kitse nauyinta kimanin giram 900 ne, litar tsoka kimanin giram 1,060. Wato kilon kitse ya fi kilon tsoka girma da kusan kashi 1 cikin 5. Ba wani bambanci ne na tashin hankali ba kamar yadda hotunan waya ke nunawa, amma a haɗa shi da wurin da kowanne yake zama. Kitsen namiji a ciki yake taruwa, tsoka kuwa tana bazuwa a cinya da baya da ƙirji da dantse. Mutum ya zubar da kilo 4 na kitse, ya ƙara kilo 2 na tsoka da ruwan da take riƙewa, sikeli zai ce masa 2, tela zai ce masa wani abu daban, kuma telan ne ya fi kusa da gaskiya.

Ku je kasuwa ku duba da idonku. Ga ɗan dakon da ke saɓa buhun masara mai kilo 100 ya yi tafiya da shi, ga Alhajin da ya sa shi aikin yana zaune yana fifita. Mu ce tsawonsu ɗaya, mita 1.7, nauyinsu ɗaya, kilo 80. Lissafin nan na BMI da ake yi a asibiti, inda ake gwada nauyi da tsawo, zai ba kowannensu kusan 28, kuma duk wanda ya kai 25 an ce nauyinsa ya yi yawa. Wato a takarda matsalarsu ɗaya. Akwai mai hankalin da zai yarda da wannan? Lissafin ma ba likita ne ya ƙirƙiro shi ba. Wani masanin lissafi ne ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da shi a shekarun 1830 don nazarin jama'a da yawa a dunƙule, sunan BMI kuma sai a 1972 wani Ba'amurke, Ancel Keys, ya raɗa masa. Yana da amfaninsa wajen ƙidayar al'umma, ban musa ba. Amma ba ya ganin cikin buhu.

Wannan makantar ce masu shayin rage tumbi suke ci da ita. Kun san su, a waya suke, a bakin tasha suke da lasifika, wasu ma har gida ake kai wa mata. Wai kilo 10 cikin kwana 14. Mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Kilo 10 ya zama 77,000. A raba da kwana 14, ya zama 5,500 kullum. Namiji mai matsakaicin aiki kuwa abin da jikinsa ke ƙonawa a yini wajen 2,500 ne. Ashe ko bai sa ko loma ɗaya a baki ba har kwana 14 ɗin, bai kai rabin alkawarin ba. To me ke fita? Ruwa da bayan gida. Da yawa daga cikin irin wannan shayi ganyen filasko ne ko danginsa a ciki, abin da kakanninmu suka sani tun tuni a matsayin maganin wankin ciki, wasu kuma su sa mai yawan fitsari. Ka kwana kana zarya, ka wayi gari idanu sun faɗa, sikeli ya yi ƙasa, mai shayi ya ce ka gani ko? Wannan algus ne a juye: wancan ya zuba wa kaya ruwa don nauyi ya hau, wannan ya tsotse maka ruwa don nauyi ya sauka.

Kitse ba ta masai yake fita ba, kuma ba gumi ba ne. Abin da aka koya mana a ajin bayoloji ne muka manta: jiki yana ƙona abinci da iskar da muka shaƙa, ya fitar da wata iskar da ruwa. A 2014 wasu masana biyu a Ostareliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, suka buga lissafin a mujallar likitoci ta BMJ: in mutum ya ƙona kilo 10 na kitse, kilo 8.4 ta huhu yake fita a matsayin iskar da muke fesarwa, sauran kilo 1.6 ne ke zama ruwa. Saboda haka samarin da nake gani suna naɗe ciki da leda ko su sa rigar ruwan sama suna gudu cikin zafin garin nan, ku ji tausayin ƙodarku. Bel ɗin matse tumbi ma haka, ana cire shi kaya ke komawa mazauninsa. Kuma ko ka yi motsin ciki sau 500 kullum, jiki ba ya ɗibar kitse daga wurin da ka nuna masa, daga ko'ina yake ɗiba bisa tsarinsa. Fuska da wuya ne ke saurin tona asiri, teɓar ƙasan cibiya ita ce mai taurin kai.

Masu yunwar ganganci su ma ina da magana da su. In mutum ya rage ci kawai ba ya aikin ƙarfi, abin da ke zubewa ba kitse ne zalla ba, kusan kashi 1 cikin 4 tsoka ce da ruwanta. Sikeli zai yi maka tafi, amma ka sayar da jarinka ne ka ce ka ci riba. An taɓa yin wani shirin talabijin a Amurka, The Biggest Loser, inda aka riƙa gasar rage nauyi da gaggawa. Masu bincike suka bi sawun mutum 14 daga cikin 'yan gasar, suka fitar da sakamako a 2016. A matsakaici kowanne ya zubar da kilo 58 lokacin gasar, bayan shekara 6 kilo 41 sun dawo, kuma jikinsu yana ƙona kimanin kalori 500 ƙasa da yadda ya kamata a kullum, kamar ya tsorata da fari ya koma tsimi. Wani binciken da Kirsty Spalding da abokan aikinta suka yi a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin a 2008 ya nuna cewa yawan ƙwayoyin kitse a jikin babba ba ya raguwa don ya rame, motsewa kawai suke yi. Buhunan suna nan a ninke a sito, suna jiran kaka. Duk wanda ya ga yadda ramar azumi ke ɓacewa kafin Babbar Salla ya san wannan ba sai an kai shi Suwidin ba.

Amma akwai albishir ga irinmu da muka taɓa wasa muka bari. Tsokar da ta taɓa ginuwa ta fi saurin dawowa. A 2010 masana a jami'ar Oslo, ƙarƙashin Kristian Gundersen, suka gwada a jikin ɓeraye suka ga cewa cibiyoyin da zaren tsoka ke ƙarawa lokacin aiki ba sa ɓacewa ko tsokar ta motse saboda zama. Wato injin yana nan, mai kawai ya ƙare. Kuma don Allah a daina cewa wane da ya bar ƙwallo tsokarsa ta narke ta zama teɓa. Tsoka ba ta zama kitse, kitse ba ya zama tsoka, kamar yadda gero ba ya rikiɗa ya zama man gyaɗa. Abu biyu ne suka faru tare: ya daina aiki tsoka ta ragu, bai rage ci ba kitse ya ƙaru. Abokaina masu ɗaga ƙarfe kuma kada ku ji daɗi da yawa, ba duk hawan sikeli ne tsoka ba. Da ƙyar sabon shiga ke gina abin da ya wuce kilo 1 a wata. Wanda ya ƙara kilo 6 cikin wata 2 ya ce duk tsoka ce, ya bari tela ya auna masa ƙugu tukuna.

Yanzu sai masu jaje, kuma su ne suka fi ci mini rai, don su nasu ba ya tsayawa a dariya. Wani dattijon layinmu ya kira ni gefe ya ce, "Yaro, in wani abu ne ya samu jarin Alhaji ka faɗa mini, ba a ɓoye wa manya." Wani kuma a bayan idona ya ce a bincika, irin wannan ramar ba ta Allah da Annabi ba ce, kowa kuma ya san cutar da yake nufi. Mai karatu, wannan ba ƙaramar magana ba ce ga ɗan kasuwa. Kasuwancinmu a kan amana da bashi yake tafiya. Ranar da aka fara raɗe-raɗin wane ya karye, mai ba ka kaya zai fara neman kuɗi hannu, gidan da kake neman aure za su fara jan ƙafa. Na san mutum 2 da suka fara fita da mu suka daina, ba don gajiya ba, sai don bakin mutane. Ɗayansu likita ne ma ya ce masa ya rage.

Ban ce damuwar manya ba ta da tushe ba. Ramar da ta zo wa mutum haka kawai, bai canza ci ba, bai ƙara aiki ba, abar zuwa asibiti ce da gaggawa, don ciwon suga da tarin fuka duk suna zuwa da ita. Amma bambancin a fili yake: mai ciwo yana ramewa yana rasa ƙarfi, wannan kuwa yana raguwa yana ƙara ƙarfi. Tambaya ɗaya ta isa ta raba gardama, amma ba a yi, sai dai a kalli kumatu.

Tumbin da kuke yi wa kirari kuma, ba duka ne a ƙarƙashin fata yake ba. Mafi haɗarinsa yana can ciki, ya naɗe hanji ya kewaye hanta, kuma shi ne likitoci ke dangantawa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Shi ne kuma yake saurin amsa kiran motsa jiki, ko da sikeli bai motsa ba. Ku ƙirga a layinku mutum nawa ne 'yan shekara 50 da ba sa fita sai da ƙwayar hawan jini a aljihu, nawa ne aka hana su shayi da sukari, nawa ne ɓarin jikinsu ya shanye aka rufe shagon. Duka an yi musu sambarka a lokacin da cikin ke fitowa. Wannan son ƙibar ne ya kai 'yan'uwanmu mata ga shan abin da ake kira sha-ka-fashe. Wani cyproheptadine ne, maganin ƙaiƙayi da mura da ke buɗe ciki ya sa barci. Wani kuma dexamethasone ne, wanda in aka daɗe ana sha yake kumbura fuska da ciki, ya cinye tsokar hannu da ƙafa, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi, kuma barinsa farat ɗaya ma haɗari ne sai da likita. Nauyi ya hau, eh, an kuma yaba. Amma a soka ƙarfe a zaro a ga abin da aka saya.

Wanda yake son ma'aunin da ya fi sikeli, ba sai ya kashe ko kwabo ba. Ya samo igiya, ya auna tsawonsa daga ƙasa zuwa ƙoƙon kai, ya yanke, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita daidai saman cibiya kaɗan, ba tare da ya shanye numfashi ba. In bakunan suka haɗu, lafiya lau. In ba su haɗu ba, da sauran aiki. Wannan ba camfi ba ne: hukumar NICE mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'ida ta ba da wannan shawara a 2022, cewa kewayen ciki kada ya kai rabin tsawon mutum. Tawa igiyar har yanzu da sauran kusan yatsa 2 kafin ta haɗu, a ƙusa take rataye a bayan ƙofa, farkon kowane wata nake sauko da ita.

Aikin kansa ba wani asiri a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana 2. Abincin gina tsoka kuwa a shagonmu muke sayar da shi muna rainawa: wake, gyaɗa, waken suya da ake awara da shi, ga ƙwai da nono da kifi. Ni ban bar tuwo ba, ban bar sakwara ba, malmala ce ta koma ɗaya. Abin da na bari shi ne lemon kwalba, don robar rabin lita ɗaya tana ɗauke da sukarin da ya kai giram 50, wajen cokalin shayi 12. Ƙarfen da muke ɗagawa kuma gwangwanayen fenti ne muka cika da siminti muka soka bututu a tsakiya, wani birkila ɗan Kpakungu ne ya haɗa mana, ɗaya gefen ya ɗan fi ɗaya nauyi, sai mu riƙa juyawa.